Shekarar da Inna Ta Wanke Tafkin Toranke

Shekara ashirin da uku ke nan, a watan nan, da rasuwar maigidana. Ba zan kama sunansa ba, don ban taɓa kamawa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen Gaya Malam Mai Kwalabe suke ce masa, kuma ko yau ka ambaci sunan nan a gaban tsofaffin unguwarmu, kafin su ce Allah ya jiƙansa sai ka ga murmushi ya riga addu'ar fitowa. Na san abin da suke tunawa. Suna tuna wani magidanci mai kamala da ya shafe mako guda yana zagaya gari a kan babur, ruwan laka ɗaure a bayansa, ba kuma wani wuri za shi ba. Su a ganinsu karatu ne ya ɗan taɓa shi. Ni ce na san dalili. Tunda duk waɗanda maganar za ta ba kunya sun riga mu gidan gaskiya, bari in faɗa kafin ni ma a kira ni.

Malam ma'aikacin ruwa ne. A Kano aka koya masa aikin, aka turo shi Gaya a shekarar da aka ce motoci su koma hannun dama, ina goyon ɗana na fari. Lokacin Ajingi ma a ƙarƙashin Gaya take. Aikinsa shi ne ya bi tafkunan da mutane ke sha, ya ɗebo ruwa a kwalabe, ya auna duhunsa, ya gano yawan alimun da zai sa lakar ta kwanta. Hukuma ta yi niyyar gina matatar ruwa a bakin wasu tafkuna, amma ba kowane gari zai samu ba. Garin da ruwansa ya fi muni a takardar Malam, shi za a fara yi wa.

Ofishinsu ɗaki ɗaya ne kuma yana yoyo, don haka a shagon zaurenmu ya kafa kayan gwajinsa. Kwalabe shida ne masu faɗin baki, a jere a kan benci. A samansu akwai wani ƙarfe mai maburgai shida, kowace kwalba da nata, hannu ɗaya ake juyawa kamar na keken ɗinki, su duka su ɗauka tare. In babu baƙo a zaure, ni ce injin. Zai cika kwalaben da ruwan tafki ɗaya. Ta farko ba ya sa mata komai, ita yake kira shaida. Ta biyu ya ɗiga mata ruwan alimun kaɗan, ta uku ya ƙara, haka har ta shida. Sai ya dubi agogo ya ce, "Asabe, da ƙarfi!" In yi ta juyi kamar mai burga miyar biki. Can ya ce, "To, a hankali, kamar kina lallashin jariri." Nan ne abin kallon yake. Ruwan da yake kamar kunun kanwa sai ka ga ya fara tsinkewa irin na madarar da ta kwana, lakar ta yi gudaji-gudaji, ƙanana su kama manya, suna lilo suna sauka. Daga nan a tsaya cik, ko tari ba ya so a yi kusa da bencin. Bayan rabin awa ya tsiyayi na sama a wani dogon bututun gilashi mai baƙar alama a gindi, ya leƙa ta sama da ido ɗaya, ya rubuta. Ya sha nuna mini cewa ba kullum ta shida ke cin gasar ba. In alimun ya yi yawa, ruwan sake dagulewa yake yi.

Jikokina yanzu ba su san ruwa yana da launi ba. A leda suke saye, su huda da haƙori, su yar da rabi. Nakan ce da Malam zai dawo ya ga haka, ba faɗa zai fara yi ba. Ɗaga ledar zai yi sama ya duba ta a rana, ya tambayi mai sayarwa daga ina aka ɗebo, kuma wa ya ɗebo. Wannan tambaya ta biyu, wa ya ɗebo, da tsada ya koye ta.

Ko'ina ya je da kansa yake ɗiba. A Balan ya tattare wando har cinya, ya kutsa tsakanin shanu, ya nutsa kwalba. A Ajingi haka. Ba wanda ya ce masa don me. Matsalar Toranke ce, don Toranke garinmu ne, can mahaifiyata take, wadda muke kira Inna.

Yaran yanzu da ke zama kujera ɗaya da surukansu suna kallon talabijin ba za su gane ba. A zamaninmu Malam tun daga bakin masallaci yake cire takalmi in za shi gaida Inna. Ya tsuguna a bayan zana, ita tana ciki, ba ya ganinta ba ta ganinsa. Ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma haka. In ina nan, ta bakina zance ke wucewa, alhali tsakaninsu bai fi taku uku ba, kowa yana jin numfashin kowa. Abin da ta ce kuwa ya zauna. Suruki ba ya tambayar surukarsa magana sau biyu.

Zuwansa na farko tare muka je, na fake da ganin gida. Inna ta hango buhun kwalabe ta ce mini na mene ne. Na ce ruwan tafki zai ɗiba, a auna, a kai wa manyansa takarda a Kano.

"Wane tafkin?"

"Namu mana, Inna."

Ta ajiye tsintsiyar hannunta. "Namu da shanu ke fitsari a ciki? A ɗauka a kai birni, a ɗora a kan tebur, a ce ga abin da surukan Malam ke sha? Kuma shi zai tuɓe ƙafa ya shiga, a gaban sa'o'ina masu wanki? Ke, miƙo kwalaben nan."

Inna tana da wata 'yar randa a ƙuryar ɗaki, ta baƙi. Ruwan tafkin ne dai, amma takan daka 'ya'yan zogale ta ƙulla a tsumma, ta kaɗa a ciki, ta bari ya kwanta, ta tsiyaye. Fari tas yake fita. Ba kullum ake yi ba, don zogalen ba ya isa, maza kuma in suna gona a bakin tafki suke durƙusawa su sha. Daga randar nan ta cika kwalaben Malam, ta goge su da gefen zane, ta ce in kai masa.

Malam ya ɗaga ɗaya ya duba. Na ga goshinsa ya tattare. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ki tambayi Inna, na tafki ne?"

Kafin in buɗe baki amsa ta fito ta cikin zana. "Ki gaya masa na tafki ne. Daga ina zan samo wani, Zamzam gare ni a ɗaka?"

Ba ta yi ƙarya ba, kun gani. Malam ya ce, "Ki ce an gode," muka hau babur.

Da muka zuba a kwalabe shida na yi juyin duniyar nan, babu abin da ya tsinke, don babu abin tsinkewa. Shaida garau, ta shida garau. Ya leƙa bututunsa, ya cika shi har baki, baƙar alamar tana kallonsa ƙuru-ƙuru. Ya zauna ya riƙe haɓa. "Asabe, da idona na hango tafkin nan daga hanya. Ja ne kamar an jiƙa bulo." Na ce ikon Allah ne. Allah ya yafe mini, ikonsa ne, amma da hannun Inna a ciki.

Bayan mako biyu ya koma shi kaɗai, da dabara. Ya zagaya ta bayan gari da rana tsaka, lokacin da mata suka watse, ya shiga ya ɗebo da hannunsa, ja wur, ya ɗaure a buhu. Da ya juyo gida daga nan, da shi ke nan. Amma ina, suruki ya shiga gari ya fita bai gaida Inna ba? Ya je ya tsuguna ya yi gaisuwa, aka kira azahar, ya jingine babur a ƙofar gida ya tafi masallaci. Matar yayana ce ta ba ni labarin sauran daga baya. Ta ce Inna ta kwance buhun, ta ga abin da ke ciki, ta yi salati, ta ce, "Bawan Allah, kunya ta hana shi roƙo, ya je ya ɗebo wannan." Kafin liman ya sallame an zubar, an ɗauraye, an cika daga randar baƙi, an mayar da ɗaurin yadda yake. Har da ƙullin fura a gefe.

Ranar da ya buɗe buhun nan a shago, na zaci zai faɗi. Ya ce shi ya ɗeba, da hannunsa, ga ma lakar a ƙafar wandonsa. Ya ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a rana, duk garau. Can ya buga cinya. "Hanya ce! Gargadar hanyar Toranke ce. Jijjigar babur ke haɗa lakar." Na ce to ina lakar ta tafi, tunda gindin kwalbar ma fes yake? Ya ce wannan shi ne abin da za a bincika.

Mafarin zagayen ke nan. Ya ɗebo ruwan Balan, ya ɗaure a bayan babur, ya riƙa bin duk wani rami da kwazazzabo da ke Gaya, yana duba agogo, don tafiyar ta yi daidai da nisan Toranke. Ya bi ta kasuwa, ya bi ta bayan maƙabarta, ya dawo ta kasuwa. Mahauta suka fara yi masa kirari. Wani dattijo ya tare shi ya ce in wani abu ya ɓata ne a faɗa, a taya shi nema. Kullum ya dawo ya kwance, ruwan Balan na nan yadda yake, sai ma ƙara dagulewa da ya yi. Ni kuwa ina tsakar gida, in na jiyo ƙarar babur ta wuce karo na huɗu, sai in cusa fuska a zane, dariya na cina, laifina kuma na damuna.

Don abin ya wuce wasa. Malam mutum ne da ba ya rubuta abin da bai gani ba, ba ya kuma ɓoye abin da ya gani. Ya rubuta cewa sau biyu ana auna ruwan Toranke ana samunsa garau, bai san dalili ba. Takarda ta tafi Kano. Amsa ta dawo cewa in haka ne Toranke ba ta bukatar matata, Injiniya zai zo da kansa ya ga wannan abin mamaki kafin a rufe jerin garuruwa.

A makon ne aka yi suna a danginmu na je gida. Na tarar da yayana, Yaya Ado, kwance a rumfa, ƙafa a kumbure, an naɗe kan kurkunu a jikin tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kowace safiya. Damina ta uku ke nan a jere da ciwon ke kwantar da shi daidai lokacin noma. Ga gero ya fito, ciyawa ta fi shi tsawo. Ba shi kaɗai ba, kusan kowane gida da mai ɗingishi. Na shiga ɗaki na rufa ƙofa na ce, "Inna, kin san ruwan da kike ba Malam ya sa za a hana mu matata?"

Ta ce, "To sai me? A hana. Da a ce mu ƙazamai ne a birni?"

"Inna, ƙafar Yaya fa?"

Ta juya mini baya tana gyara shimfiɗar da ba ta bukatar gyara. "Ni na haife ki ko ke kika haife ni? In kin isa, je ki gaya wa mijinki uwarki ta yi masa ha'inci."

Nan ta kama ni. Yaya zan dubi Malam in ce masa haka? Da zan tafi, matar Yaya Ado ta cika mini gora a bakin tafki, wurin da shanu ke shiga, muka binne ta a ƙwarya ƙarƙashin daddawa da kuka. Na kawo ta Gaya na tura ƙarƙashin gado. Kwana biyu ina shirya maganar a bakina. In na kawo masa abinci na ce, "Malam," ya ce, "Na'am," sai in ce gishirin ya ji?

Rana ta uku da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Injiniya ne, Bakano mai tabarau, mai magana da sauri kamar ana binsa. Ina bayan ƙofar zaure, kunnena a jikin katako. Na ji Malam ya nuna masa ragowar ruwan da ya kawo daga Toranke, na ji ƙarar bututu a kan benci, na ji ya ce, "Kai, wannan ai ya fi na famfon gidana. Malam, a cire Toranke. Ba mu biro." Na ji Malam yana cewa ko za a ƙara jira a sake aunawa, shi kuwa yana cewa an auna sau biyu, me ya rage.

Ban san lokacin da na jawo gorar nan ba. Na girgiza ta, na ɗauko kwanon shan da aka yi mini jere da shi, wanda ban taɓa ba kowa ba, na cika shi, na rufe da sabon faifai. Na ajiye a bakin ƙofa na tafa hannu. Malam ya ɗauka ya miƙa wa baƙo, yana cewa ga ruwa, yallaɓai, an sha hanya. Ni 'yar Inna, wadda aka koya wa ko gidan ba hatsi a ba baƙo ruwa mai kyau.

Sai na ji Injiniya ya ce, "Malam, akwai wani abu da na yi maka ne?"

"Subhanallahi, me ya faru, yallaɓai?"

"Akwai mai iyo a ciki."

Talibambam ne, ashe ya biyo gorar, kwana uku yana ƙarƙashin gadona cikin ƙoshin lafiya. Malam ya faɗo cikin gida, idanu waje, kwano a hannu. Tunda muke bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma raɗa ya yi, amma raɗa mai zafi. "Asabe, kin haukace? Mene ne wannan?"

Na ce, "Na tafkinmu ne. Wanda bai bi ta hannun Inna ba."

Ya dube ni, ya dubi kwanon. Na ga abin yana sauka a fuskarsa a hankali. Ya ce, "Na farkon?" Na ce randar baƙi. "Na biyun, da na ɗebo da kaina?" Na ce ai ka tafi masallaci. Ya rufe ido. Can ya ce, "Kwana bakwai, Asabe. Har ta bayan maƙabarta." Sai ya ce in kawo gorar duka.

Shi ya juya maburgan da kansa ranar, ni ina leƙe ta tsagar ƙofa. Ban taɓa ganin gwaji mai kyau irin wannan ba. Shaida ta tsaya ja, ko gezau. Ta biyu da ta uku da ƙyar suka motsa. Sai a ta biyar lakar ta tsinke, gudaji manya-manya suna sauka kamar ana zuba tsaki, har ta taru a gindi kaurin yatsa biyu. A bututu kuwa, ruwan shaida bai kai tsawon ɗan yatsa ba alamar ta ɓace. Injiniya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce duk ƙasar nan bai ga mai muni kamarsa ba. Ya sa aka kai shi Toranke a ranar, ya tsaya a bakin tafkin ya gani da idonsa.

Amma kafin su tashi ya yi tambayar da nake tsoro. "To waɗancan biyun da ka aiko, daga ina suka fito? Wa ya taɓa su?"

Kalma ɗaya Malam zai faɗa ya wanke kansa, kuma gaskiya ce. Lokacin ana maganar mayar da shi babban ɗakin gwaji na Kano, abin da yake buri tun yana ɗalibi. Na ji ya gyara murya ya ce, "Sakacina ne, yallaɓai. Kwalabena sun bar idona, ban kuwa rubuta haka ba." Injiniya ya matsa, ya ce a hannun wa. Malam ya ce, "A hannun mutanen kirki. Laifin nawa ne."

An sa Toranke a farkon jeri. Shi kuma aka aiko masa da takardar gargaɗi, zancen Kano ya bi ruwa, wani aka ba. A Gaya ya ƙare aikinsa, a shagon nan, da ni da maburgai. Bai taɓa yi mini gori ba, bai kuma taɓa bari maganar ta fita ba, ko da mahauta suka riƙa tambayarsa ko an ga abin da ya ɓata. Abu ɗaya ya canza: daga ranar, in za shi masallaci a ƙauye, da buhun kwalabensa yake shiga, ya ajiye a gabansa kamar takalmi.

Matatar ta daɗe da rushewa. Bara da na je, awaki ne ke kwana a cikin tankin, mutane na tururuwa a famfon burtsatse, kurkunu kuwa sai dai a ba yara labari su ce ƙarya ne. In don gini ne, babu abin da ya rage na Malam a Toranke. Amma Yaya Ado ya yi noma da ƙafafunsa biyu har tsufa, ya aurar da 'ya'ya tara daga gonar nan. Inna kuma ta rayu ta mutu da mutuncinta, ba wanda ya taɓa nuna ta da baki a ce ita ta kusa hana gari ruwa. Waɗannan biyun shi ya saya musu, da Kanon da bai je ba.

Ita ma ta sani, ko da ba ta taɓa faɗa ba. Ranar da aka buɗe matatar, bayan taro ya watse, muka je gaisuwa. Malam ya tsuguna a bayan zana yadda ya saba, ni a tsakiya ina jiran a ba ni saƙo. Sai Inna ta ɗaga gefen zanar da hannunta, ta dube shi ido da ido, karo na farko tun da aka ɗaura mana aure, ta ce, "Malam, sannu da aiki. Allah ya yi maka albarka."

Mutumin da ya tsaya gaban Injiniya bai girgiza ba, sai ga shi ya rasa inda zai sa kansa. Hula ta zame, gumi ya karyo. Ya juyo gare ni ya ce, "Asabe, ki ce mata amin."

Na ce mata. Yau ma, shekara ashirin da uku bayansa, ni ce dai nake faɗa a madadinsa. Allah ya karɓi addu'ar Inna a kansa, ya haɗa su a inda babu zana. Wanda ya karanta ya taya ni da amin.